Yadda zaka kimanta nauyin ragon layya da ido da hannu kafin ka biya kuɗi

Duk shekara in babbar sallah ta matso sai naga abu ɗaya yana maimaita kansa a unguwarmu. Mutum yaje kara ya dawo da rago, yara na binsa a baya, maƙwabta na cewa kai Alhaji wannan ai sa ne ba rago ba, ranar sallah a yanka a feɗe a tsire shi a jikin itace sai kaga kowa yayi shiru, saboda abinda ke gaban wuta bai kai rabin abinda ido ya gani jiya ba. Kuma abin yana min ciwo wallahi, dan nasan wani wata biyar ko shida yayi yana tara kuɗin nan. Sau da yawa ba wanda ya cuce shi a fili, idonsa ne ya auna abinda ba nama ba, ya auna ƙaho da dogayen ƙafafu da gashi da tumbi cike da ruwa.

Ance ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Haka ne, sai dai idon da ya san ƙimar shine wanda aka nuna masa inda zai kalla. Ni kawuna ne ya nuna min, Allah ya jiƙansa, mahauci ne tun yana saurayi har tsufa, in ya zagaya rago sau ɗaya ya ɗora hannu a bayansa zai gaya maka abinda zai fito a jikinsa kuma da wuya ya kauce da yawa. Abinda na koya a wajensa da wanda na ƙaro daga baya wajen ma'aikatan lafiyar dabbobi shine zan jero anan, mataki mataki.

Kafin ka bar gida

Ka saka tef ɗin tela a aljihu, wannan mai laushin da ake auna mutum dashi, gefe ɗaya inci gefe ɗaya santimita. Wayarka tana da kalkuleta, ya isa. Sannan ka fita da sassafe in da hali, domin da safe dabba bata gama cika cikinta ba, kuma kai ma baka gaji ba, wanda rana ta gasa shi ya zagaya kara sau uku komai aka nuna masa zai ce a sallama. In kana kusa da manyan kasuwanni irin Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ko Potiskum ranar Laraba zaka ga raguna da yawa a wuri ɗaya, wannan kaɗai yana gyara ido, saboda ido da kwatance yake aiki, wanda ya ga rago biyar kacal a bakin titi babban cikinsu zai zama masa ƙato ko da a babbar kasuwa matsakaici ne.

Mataki na farko: tsaya daga nesa tukuna

Kar ka fara da taɓawa kuma kar ka fara da tambayar kuɗi. Ja baya kamar taku biyar ko shida ka kalle shi ta gefe, sannan ta gaba, sannan ta baya, in ka matso kuma ka leƙa bayansa ta sama.

Ta gefe abinda kake nema shine zurfin jiki, wato daga gadon baya zuwa ƙasan ƙirji. A ranka ka yanke kai da wuya ka yanke ƙafafu, abinda ya rage a tsakiya kamar akwati shine ragon da zaka saya. Akwai ragon da tsawonsa duk ƙafa ne, iska ce kawai ke wucewa a ƙarƙashinsa. Ta gaba ka duba tazarar dake tsakanin ƙafafun gaba biyu, in sun kusa haɗewa ƙirjin matsattse ne. Ta baya kuma nan ne gaskiya take, rago mai nama in ka tsaya a bayansa zaka ga cinyoyin sun cika sun sauko ƙasa sun ture ƙafafun sun buɗe, maras nama kuwa zaka ga tumbin ya fito dama da hagu ya fi ɗuwawun faɗi, ɗuwawun ya tsuke yayi tsini. Kawu yana cewa duk ragon da cikinsa ya fi bayansa faɗi da yawa, abinci ka saya ba rago ba.

Ka sa a ja shi yayi tafiya a gabanka. Dillali zai iya cewa ai lafiyarsa ƙalau Alhaji, kace masa na yarda amma dan Allah a ɗan taka dashi. Anan zaka ga ɗingishi in akwai, zaka ga ko yana da kuzari ko jansa kawai ake.

Mataki na biyu: ka san irin ragon dake gabanka

Wannan yana da muhimmanci saboda kowane iri da yadda yake ruɗar ido. Yankasa shine ragon gida da muka saba, fari mai baƙi baƙi a zagayen ido da baki da kunne, kunnuwa gajeru, yana da geza a wuya da ƙirji. Balagaggen Yankasa yawanci tsakanin kilo 30 zuwa 45 yake, gajere ne amma in yasha kiwo a dunƙule yake, sau da yawa yafi yadda ido ke ganinsa nauyi, sai dai gezar nan tana ƙara masa cikar ƙirji na ƙarya, sai ka tura hannu cikinta. Uda shine mai launi biyu, gaba baƙi ko ja baya fari, dogayen kunnuwa, dogayen ƙafafu, ƙaho ya murɗe ya fita gefe. Shi ne ya fi kowa cin kasuwa da tsawo, mutum yana ganinsa ya kai masa ƙugu sai ya ruɗe, alhali in ba a turke shi an ciyar dashi ba jikinsa a shafe yake kamar allo. Balami kuma fari ne sol, hanci a tanƙware, kunne ya zubo, asalinsa ɓangaren Borno, shi ne mafi girma a ragunanmu, wanda yasha kiwo yana wuce kilo 60 hankali kwance. Amma ƙashinsa ma babba ne, dan haka ramammen Balami ƙashi zaka kwasa.

Sai ka tambaya ragon turke ne ko na garke. Na turke wanda aka ɗaure a gida ana bashi harawa da dusa da kowar wake da ƙaiƙayi, shi yafi tsoka da kitse. Na garke ya sha tafiya, kuma in sallah ta faɗo ƙarshen rani kafin ciyawa ta fito zaka same shi a rame ko da ƙashin girma gare shi.

Abubuwan da ke yaudarar ido

Ƙaho na farko. Manyan ƙahoni suna sa kai yayi kwarjini, kwarjinin kuma sai ya bi duk jikin a idonka. Ba laifi bane son rago mai ƙaho, ai ya tabbata Annabi (SAW) yayi layya da raguna biyu masu ƙaho, amma ka sani kuɗin ƙaho daban kuɗin nama daban. Ka ɗaga tafin hannunka ka kare kan daga ganinka ka kalli sauran jikin, zaka sha mamakin yadda wani ragon zai koma ƙarami nan take.

Na biyu launi da wanka, farin rago da aka wanke da sabulu aka taje gashinsa ya bushe ya tashi yafi baƙi ko mai datti girma a ido ko da nauyinsu ɗaya. Na uku maƙwabci, in aka ɗaure matsakaicin rago a tsakiyar ƙanana sai ya zama sarki. Na huɗu wurin tsayuwa, in yana kan tudu kai kana gangare, ko an ɗaure igiyar sama ta ɗaga masa wuya ƙafafun gaba suna kan ɗan tudu, zai ƙara girma. Ka sa a sauko dashi fili inda ƙasa take daidai, ka tsaya kusa dashi ka lura inda gadon bayansa ya kawo a jikinka, cinya ko aljihu ko ƙugu, jikinka ya zama ma'auninka a duk ragon da zaka duba ranar.

Mataki na uku: hannu a gadon baya

Nan ne zan daɗe, saboda in ka iya wannan kaɗai ka wuce yawancin masu shiga kara.

Ka tsaya a gefen ragon ya natsu, ka ɗora hannunka a gadon bayansa daidai bayan haƙarƙari na ƙarshe kafin ƙashin ƙugu. Wurin nan babu haƙarƙari, ƙashin baya ne a tsakiya da wasu ƙananan ƙasusuwa da suka fita gefe da gefe kamar fiffike, a saman su kuma tsokar baya ta kwanta. Wurin ne ke fara zubewa in dabba ta rame, shi yasa mahauta da likitocin dabbobi duk can suke kai hannu. Ka tura yatsunka cikin gashi har ka taɓa fata, kar ka shafa sama sama.

Abu uku zaka ji. Na ɗaya ƙashin tsakiya, ka bi shi da yatsa gaba da baya. Na biyu bakin ƙasusuwan gefe, ka gwada tura yatsu ƙarƙashinsu. Na uku tsokar dake tsakani, ka kama ta da babban yatsa a gefe ɗaya sauran yatsun a ɗaya gefen kaji ta cika hannu ko ta lotsa.

Ga yadda zaka gane abinda kaji, da hannunka na hagu zaka gwada. Dunƙule hannun ka shafa kan gaɓoɓin yatsun da suka fito, kaji yadda suke tsini ɗaya bayan ɗaya da rami a tsakani? In bayan rago haka yake to ramamme ne, yatsunka zasu shige ƙarƙashin ƙasusuwan gefe ba wahala, ka barshi komai tsawonsa. Yanzu buɗe hannun ka miƙe yatsun ka sake shafa wurin, ƙashin yana nan amma yayi sumul sai ka danna kake jinsa, to wannan shine rago mai kyau, tsoka ta cika da ɗan kitse a sama. Sai ka juya hannun ka danna tudun tafinka ƙasan babban yatsa, taushi kawai ba ƙashi, in bayan rago haka yake har kaji kamar kwari a tsakiyar bayan inda ƙashin ya nutse, to kitse yayi yawa. Likitocin dabbobi suna ba wannan lamba daga 1 zuwa 5, 1 ƙashi da fata 5 kitse zalla, abinda kake so na layya 3 ne zuwa 4.

Nasan akwai masu son mai kitse sosai saboda suya, uwargida tana so ta samu man da zata soya naman ta ajiye. Ba laifi, amma ni a ganina wanda ya wuce 4 asara ce ga mai iyali da yawa, kuɗin tsoka ka biya aka baka abinda zai narke a kasko, rabon da zaka kai wa maƙwabta da dangi kuma ya ragu.

Kar ka tsaya a rago ɗaya. Ka taɓa goma ko fiye, har wanda baka da niyyar saya, hannu sai ya ji bambanci yake koyo. Ranar farko da kawu ya kaini kara bai barni na tambayi kuɗin ko ɗaya ba, cewa yayi taɓa wannan, taɓa wancan, wanne yafi? In na faɗa sai yace sake taɓawa, ka danna sosai ba zai fashe ba.

Mataki na huɗu: ƙirji, haƙarƙari, cinya, gindin wutsiya

Wannan da sauri ne. Ka shafa haƙarƙari, in kana ƙirga su ɗaya ɗaya kamar tsani babu komai a kansu. Ka kai hannu ƙasan ƙirji tsakanin ƙafafun gaba ka kama, mai kiwo zaka ji dunƙulen nama da kitse ya cika hannu, maras kiwo ƙashi zaka kama kamar ƙirjin kaza. Ka kama cinya ta baya da hannu biyu kaji kaurinta. Sannan gindin wutsiya, in ƙasusuwan wurin sun fito tsuru tsuru to jikin ba komai. Daga nan wasu suna rungumar ƙirjin su ɗan ɗaga gaban ragon suji nauyinsa, yana taimakawa in ka saba, amma ka kula da bayanka kuma ka kula da ƙaho.

Mataki na biyar: cikin nan ruwa ne ko jiki

Tumbin rago a gefen hagu yake, kuma abinda ke cikinsa na abinci da ruwa a babban rago yana kai kilo biyar ko fiye, duk kuma zubarwa za'ayi ranar yanka. Wasu masu sayarwa, ba duka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a harkar, suna dama dusa da gishiri ko kanwa mai yawa su ba dabba kafin kasuwa, ƙishi ya kamata tasha ruwa kamar ba gobe, ciki ya tashi tayi ɓul ɓul. Yadda zaka gane, ka duba kwiɓin hagu, wannan ɗan ramin dake gaban ƙashin ƙugu. A rago mai lafiya da yaci daidai wurin a ɗan lotse yake ko a shafe. In ya cika ya taso ka danna da dunƙulen hannu ka saki, in kaji motsin ruwa kamar an girgiza jarka to ruwa ne, in kuma yayi tauri yana ƙara kamar ganga to kumburin ciki ne, wannan ma ciwo ne yana iya kashe shi kafin sallah. Ka kuma lura ko yana ta fitsari akai akai fari kamar ruwa. Babbar shaida dai itace ciki ƙato baya ƙashi, in kaga wannan haɗin kar ka tsaya dogon ciniki.

Mataki na shida: baki, ido, hanci, ƙarƙashin wutsiya

Buɗe leɓen ƙasa. Rago bashi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri, a ƙasa yake da guda takwas. In duk takwas ɗin ƙanana ne farare iri ɗaya to haƙoran nono ne, yawanci bai wuce shekara ba ko yana dab da ita. In biyun tsakiya sun zama manya masu faɗi yayi famfara kenan, yana tsakanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manya huɗu wajen shekara biyu, shida wajen uku, takwas duka manya ya kai huɗu ko kusa, in kuma sun cinye sun yi giɓi sun rarrabu to tsoho ne naman zai yi tauri. Wannan ya shafi nauyi, saboda ƙaramin rago ƙashinsa bai gama faɗi ba komai ƙibarsa, kuma ya shafi ibadar kanta, a mazhabar Malikiyya da muke bi abinda aka fi sani shine rago ya cika shekara. Ni nafi son mai manyan haƙora biyu zuwa huɗu.

Ja fatar idonsa ta ƙasa ka kalli cikinta. Ja ko ruwan hoda mai kyau jini ne isasshe, in tayi fari fat to jininsa ya ƙare, yawanci tsutsar ciki ce, irin wannan zaka iya ganin haɓarsa ta kumbura da ruwa har wani ya zata ƙiba ce. Hanci ba majina mai kauri, baki ba gyambo, ƙarƙashin wutsiya ba kashi a manne alamar zawo. In ka same shi a kwance yana tuƙa hankali kwance alama ce mai kyau. Ka tuna aibobi huɗu da hadisin Bara'u ɗan Azib ya ambata waɗanda basa isarwa a layya, mai ido ɗaya da abin ya bayyana, maras lafiya da ciwonsa ya bayyana, gurgu da gurguntarsa ta bayyana, da ramammen da ba ɓargo a ƙashinsa. Kaga kenan duba ramar nan ba maganar nama kaɗai bace.

Mataki na bakwai: fito da tef

Yanzu ka rage saura biyu ko uku da suka kwanta maka. Kace da mai ragon, Baba dan Allah riƙe min shi ya tsaya daidai. Wasu zasu yi dariya suce yau ga tela a kara, ba komai, kayi abinka.

Awo biyu ne. Na farko zagayen ƙirji, ka zagaya tef ɗin daidai bayan ƙafafun gaba ya bi ta saman kafaɗa, ka ja ya kwantar da gashi amma kar ka shaƙe shi, kuma kar tef ɗin ya zame baya ya hau tumbi. Na biyu tsawon jiki, daga tsinin kafaɗa ta gaba, wannan ƙashin da ya fito kusa da ƙirji, zuwa ƙashin ɗuwawu dake gefen gindin wutsiya. Duk da santimita.

Lissafin shine zagayen ƙirji sau zagayen ƙirji sau tsawon jiki, sai ka raba da 10,840, abinda ya fito shine kilo. Misali ƙirji 80 tsawo 65, 80 sau 80 ya bada 6,400, sau 65 ya bada 416,000, raba da 10,840 ya fito kilo 38 da ɗan kai. Wani kuma tsawonsu ɗaya 65 amma ƙirjinsa 85, lissafi zai baka kilo 43. Ka gani? Santimita biyar kacal, faɗin yatsu uku, wanda ido ba zai taɓa kamawa ba a zagayen ƙirji, amma kilo biyar ne a tsakaninsu. Mai ƙirji 90 tsawo 70 kuma kilo 52 ne. Dalili kenan da yasa gajeren rago mai faɗi yake doke dogo siriri a sikeli, kauri sau biyu yake shiga lissafi, tsawon jiki sau ɗaya, tsawon ƙafa kuwa ko sau ɗaya bai shiga ba. Lissafin nan kimantawa ne, yana iya kaucewa da kilo kaɗan sama ko ƙasa, amma wajen kwatanta rago biyu da kake shakka a kansu ya fi ido nesa ba kusa ba.

Mataki na takwas: nawa ne naman, nawa ne kuɗin

Nauyin rago a tsaye ba shine naman da zaka samu ba. In aka cire jini da fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, gangar jikin da za'a tsire, nama haɗe da ƙashi, kusan rabi ne ko ƙasa da rabi kaɗan, mai kiwo ya kusanci rabin, ramamme ya faɗi ƙasa sosai. Wato ragon kilo 40 ka sa ran kilo 18 zuwa 20. Wajen kwatanta tsada kuma sai ka raba kuɗin da aka faɗa da kilon da lissafin tef ya baka. A misali kawai, in ance maka wani naira 200,000 lissafinka ya nuna kilo 38, wani kuma 230,000 amma kilo 52 ne, na farkon kowane kilo a tsaye ya haura 5,200 na biyun bai kai 4,500 ba, na biyun ne mai araha duk da kuɗinsa yafi yawa. Da wannan a ranka zaka taya, in akace albarka ka san iya inda zaka ƙara da inda zaka juya. Kuma kar ka manta da la'adar dillali da kuɗin mota da abincin da zai ci kafin sallah, ka ajiye nasu gefe tun farko.

In kun je ku biyu ko uku

Kowa ya duba ragon ya riƙe lambarsa a ransa ko ya rubuta a waya, kar wani ya faɗa da ƙarfi, domin wanda ya fara magana shi ke jan sauran, in babban yaya yace wannan ai zai yi kilo hamsin kowa sai ya fara daga hamsin. Bayan kowa ya gama sai ku haɗa ku ɗauki ta tsakiya. Akwai wani abu da ya faru a Ingila a 1906 da ya nuna ƙarfin wannan, a wani bajekolin dabbobi a garin Plymouth aka sa gasar cankar nauyin naman wani sa bayan an yanka an gyara, wani masani Francis Galton ya karɓi takardun mutane 787 ya jera su, lambar tsakiya ta fito laba 1,207, ainihin nauyin kuma laba 1,198 ne, wajen kilo 543. Ɗaiɗaikunsu da yawa sun kauce, wasu sama wasu ƙasa, amma da aka haɗa kuskuren wannan ya cinye na wancan. Sharaɗin dai kowa ya faɗi nasa ba tare da ya ji na wani ba.

Sayen rago a hoto

Yanzu ana turo hotuna a WhatsApp da Facebook ace zaɓi a kawo maka har gida. Cinikin biri a sama kenan in baka yi hattara ba, saboda in aka durƙusa aka ɗauki hoton daga ƙasa kuma ta gaba, kai da ƙirji zasu cika waya ɗan rago ya koma ƙato. In dole ne sai ta haka, kace a maka bidiyo da rana a fili, babban mutum yana tsaye a gefensa, a zagaya dashi har ta baya, a buɗe bakin ka gani, sannan a sa tef a ƙirjin a nuna maka lambar. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Masu sayen shanu, ko na layya ko na watanda, duk wannan yana aiki, har lissafin tef ɗin ɗaya ne, sa mai ƙirji 160 tsawo 135 zai baka wajen kilo 319. Sai dai tozo da fatar wuya mai reto suna taka rawar da ƙaho da geza ke takawa a rago. Rahaji ja mai dogon ƙaho da dogayen ƙafafu yafi cika ido, Bokolo gajeren ƙaho ne a dunƙule yafi cika tukunya. Kuma kar ka matsa kusa da sa sai mai shi ya riƙe, ka tsaya ta gefen kafaɗa ba ta baya ba saboda harbi.

Bayan ka kawo shi gida

Ka bashi ruwa da irin abincin da ya saba, kar ka cika masa hatsi ko ragowar tuwo rana ɗaya wai dan ya ƙara ƙiba kafin sallah, kumburin ciki zai jawo. Washegari da safe kafin yaci komai ka sake kallonsa, wannan shine ainihin ragon da ka saya. In kana da sikelin da mutum ke hawa ka hau kai kaɗai ka duba, sannan ka rungumo ragon ku hau tare ka cire naka, in yafi ƙarfin ɗauka a sa shi a buhu a rataya a sikelin masu hatsi. Ranar yanka kuma bayan an feɗe an fitar da kayan ciki, kafin a tsire, ka auna gangar jikin. Ka rubuta lamba huɗu a wayarka, abinda idonka ya faɗa a kara, abinda tef ya bayar, abinda sikeli ya nuna a tsaye, da nauyin gangar jikin, ka haɗa da hotonsa ta gefe da ta baya da irinsa da yawan manyan haƙoransa. Baɗi in Allah ya kaimu ka buɗe ka duba kafin ka fita kara.